Kukan Ɗan Maraƙi



Bani Isra'ila sun ga tsagewar teku da idonsu. Amma da Annabi Musa (AS) ya tafi ganawa da Ubangijinsa dare 40, sai Samiri ya narka kayan adonsu, ya ƙera musu ɗan maraƙi mai kuka. Kukan nan ya ruɗe su. Annabi Haruna (AS) ya gargaɗe su, suka ƙi ji. Alhali da sun yi wa maraƙin magana, da sun ga ba ya amsawa.

To, yau irin wannan kuka ta salula yake zo muku: wa'azi marar tushe, alkawarin ninka kuɗi. Kafin ku gaskata ko ku tura, ku tambaya: wa ya faɗa, ina hujja? In abin ya shige muku duhu, ku kai wa malami.

Allah ya ba mu basira.