Jawabi ga taron ƙungiya: abin da gujiya ta koya muna

Dattawa ku gafarce ni, zan tuna muku abin da kuka fi ni sani.

Da gujiya Maraɗi ta tashi. A 1962 gwamnati ta kafa SONARA, alhazai suna saye mata a ƙauyuka. Sai ga fari na 1973, sai cutar da ta kwantar da gonaki a 1975. Alhazan da suka farga ba su zauna gadin sikeli ba, suka juya motocinsu hanyar Ɗan Isa, suna kai atamfa da taba Nijeriya.

Babana kuwa, Allah shi jiƙan shi, ya ce gujiya ba ta taɓa ba shi kunya ba. Damana biyu ya ƙara zuba mata iri na bashi, har muka saida sanmu na huɗa. Maƙwabcinmu da ake yi wa dariya ya gwada wake a gefen gona, ya ga amfani, sannan ya ƙara.

To, ga kuɗin asusunmu. Wasu sun ce a zuba su duka ga albasa. Ni roƙona, a gwada da kashi ɗaya cikin ukku, sauran su kwana, mu sake zama bayan an kai ta kasuwa.