Madafi ba ragowar fili ba ne

Hirarmu ta yau da kai ne, Alhaji, kai da ka sha wahalar fataucin shanu daga Gaundare zuwa kudu, ko ka yi shekaru kana safarar kaya ta kan iyaka, har Allah Ya hore maka ɗan fili a Birketiri, unguwar Hausawa ta Yawunde, kana shirin dasa harsashi.

Ga abin da yakan faru. Mutum zai zauna da magini, a fitar da falo, a fitar da ɗakuna, a fitar da shago a bakin hanya don haya. In an gama, sai a duba lungun da ya rage a ce to, nan mata sa yi girki. Wallahi wannan lungun shi ne wurin da uwargida za ta fi daɗewa a ciki kowace rana, kuma nan ne kaɗai wuta ke ci kullum a gidan. Don haka a fara da shi tun a takardar zanen gida.

Ka tuna Yawunde ba Marwa ba ce, ba Garwa ba ce. A arewa damina ɗaya ce, sauran watanni a kafa murhu a tsakar gida, hayaƙi ya bi iska. Yawunde kuwa damina biyu take yi, daga Maris zuwa Yuni, sannan daga Satumba zuwa Nuwamba, ruwan shekara ya haura milimita 1,500. Ga Birketiri gida na jingine da gida, lungu kamar zare. Ruwa na saukowa, girki ya koma cikin ɗaki, hayaƙin ma ya koma tare da shi.

To mu fara da hayaƙin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda yawancinta daga girki da icce da gawayi da kananzir take, ta yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarta. Maganin yana hannun magini. A yi wa madafi taga biyu a bango daban-daban don iska ta ratsa, a bar ramukan iska a sama kusa da kwano, domin hayaƙi sama yake nema. Gawayi kuwa ya fi icce yaudara. Ba ya hayaƙi sosai, amma yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. A rufe ƙofa da kurfoti a ciki saboda sanyin damina, mutum ya ji ciwon kai da jiri, ya ce bari in ɗan kwanta, shi ke nan. Kurfoti wurinsa rumfa ce mai rufi wadda gefenta a buɗe yake.

Sai gas. Yawancin gidaje yanzu suna da tukunyar nan mai kilo 12.5. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, shi gas ɗin girki ya fi iska nauyi. In ya zurare ba ya tashi sama, ƙasa yake kwanciya kamar ruwa, yana jiran tartsatsi. Saboda haka tagar sama kaɗai ba ta wadatar ba, sai an bar ramin iska a ƙasan bango, daidai da daɓe. In da hali a gina wa tukunyar ɗan ɗaki nata a waje, mai ƙofar raga, a cikin inuwa, tana tsaye, tiyo ya ratsa bango. A riƙa gwada mahaɗar tiyon da ruwan sabulu, in ya yi kumfa akwai yoyo. Kada a gwada da ashana. In an ji wari, a rufe kan tukunya, a buɗe ƙofa da taga, kada a taɓa makunnin lantarki. Ƙofar madafin kuma a sa ta tana buɗewa waje. A unguwar da motar kashe gobara ba ta iya shiga kowane lungu, wutar gida ɗaya ta maƙwabta goma ce.

Yanzu ka tambayi Hajiya yadda take aiki, kafin kafinta ya kawo maka hoton kicin ɗin Turawa a waya. Kanta mai tsayin santimita 85 zuwa 90 ta yi daidai da yankan albasa da dafa shayi a tsaye. Amma wa ya taɓa tuƙa tuwon mutum ashirin a tsaye a kan kanta? Gidan Birketiri gidan baƙi ne, fatake na sauka, ga azumi, ga layya. Babbar tukunya tana son murhu na ƙasa, inda mace za ta zauna a kujera 'yar tsugunno ta kama muciya da ƙarfi. A yi duka biyun. A bar wa turmi gefe guda mai daɓen kankare, domin taɓarya ba ta san darajar tayil ba.

Ruwa kuma, shigarsa da fitarsa. Famfo yakan ɗauke, don haka a ware wa duro ko randa mazauni mai murfi, nesa da wuta, inda yaro ba zai leƙa ya faɗa ba. Daɓen ya ɗan karkata zuwa magudana, a sa mata raga don ɓera da ɓarɓashin abinci. Yawunde gari ne na tuddai, ruwan wanke-wankenka in ba ka yi masa hanya zuwa kwata ba, ƙofar maƙwabcinka na gangare zai nufa, daga nan zumunci ya ɓaci. A ɗaga daɓen madafin ya fi tsakar gida tudu, kuma a nisanta shi da bayan gida.

Sai ajiya. Gero da masara da kuka da daddawa da ka sauko da su daga arewa sun saba da busasshiyar iska. Damshin kudu na sa su fumfuna. A yi ɗan sito mai ramin iska, a ɗora buhuna a kan katako, kada su taɓa ƙasa ko bango. Masarar da ta yi fumfuna ba abin ci ba ce, tana iya cutar da hanta.

'Yan uwa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ramin iska a lokacin da ake jera bulo bai wuce a tsallake bulo biyu ba, amma bayan an yi filasta da fenti sai da fasa bango da sabon kuɗi. Kafin magini ya ja igiya, ka kira uwargida ta tsaya a filin, ta nuna inda tukunya za ta zauna, inda turmi zai zauna, da inda za ta riƙa hango yara tana girki.

Allah Ya sa albarka a ginin, Ya tsare mu da gobara, Ya kai matafiya gida lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.