Zoben Roba da Tsare Yoyo: Abin da Ya Sami Kumbon Challenger



Duk wanda ya taɓa kwance kan famfo ya ga wani ɗan zobe na roba kwance cikin gurbi tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Da yawa suna zaton aikinsa cike giɓi ne kurum, kamar yadda a kan cusa tsumma a ɓular tulu. Alhali kuwa ita roba, in an matse ta, neman komawa siffarta ta farko ta ke yi, watau kullum tana tokare da ƙarafan nan biyu. Sa'an nan in ruwa ko mai ko iska ya taso da ƙarfi, sai ya ƙara danna zoben cikin lungun gurbin, hanya ta daɗa toshewa. Muddin wannan tokarewa tana nan, yoyo ba ya samun kafa. Tsufa na rage ta, zafi ma haka; sanyi kuwa kan sandarar da roba cikin dare ɗaya.

To, ga abin da ya faru a Amurka. Ran 28 ga Janairu, 1986, aka harba kumbon Challenger daga Florida, cikin sanyin da ya kai wajen digiri 2 a ma'aunin Salshiyas. Rokokin da ke ɗaga kumbon gaɓa-gaɓa a ke haɗa su, kowace mahaɗa da zobe biyu, kaurin kowanne kimanin milimita 7. Da an kunna wuta, mahaɗar kan ɗan buɗe, dole robar ta bi ta nan take. Ran nan ba ta bi ba. Iska mai tsananin zafi ta kurɗa, ta ƙone zoben, bayan daƙiƙa 73 kumbon ya tarwatse da mutum bakwai a ciki.

Abin takaicin shi ne, tun daren jajibere injiniyoyin kamfanin Morton Thiokol, cikinsu har da Roger Boisjoly, sun nemi kada a tashi in ma'auni bai kai digiri 12 ba. Manyansu suka bi ta kan shawarar.

Wajen bincike, masanin kimiyya Richard Feynman bai ja dogon bayani ba. Ya matse guntun robar, ya tsoma cikin ruwan ƙanƙara a gaban jama'a, ya fito da shi ya sake, robar ta yi daƙiƙoƙi ba ta koma yadda ta ke ba. Bayan haka aka sake fasalin mahaɗar, aka ƙara zobe na uku da na'urar ɗumama wurin, kumbo irin wannan bai sake tashi ba sai cikin Satumba, 1988.