Gona da Fuloti: Matsayin Sarari a Tsarin Ƙasar Karkara

Abin da masana tsara ƙasa suke kira sharaɗin barin sarari shi ne ƙa'idar da take wajabta wa mai yanka fulotai ya ware wani kaso na filin wanda ba za a ɗora bulo a kansa ba har abada. Ƙauyen Hausa ya san wannan tun kafin zuwan safiyo, domin yana da burtali, wato hanyar da ake shingewa tsakanin gonaki don dabbobi su wuce mashaya, yana da makiyaya da maƙabarta da filin Idi, kuma dagaci da masu unguwanni ne suke tsaron su.

A kewayen Kano, yankin da mai bincike Michael Mortimore ya yi nazari a kansa a shekarun 1960, lokacin da jakuna suke jigilar taki daga birni ana noma gona kowace damina ba hutu, yau awon igiya ne yake cinye gonakin Ungogo da Kumbotso da maƙwabtansu. Awon igiya yanka ne da ba ya bin taswirar hukuma: dillali ya sayi gona a hannun magada, ya ja igiya, ya kafa turaku, ya bar lungun da mota ba ta iya juyawa a ciki, kuma da yake kowane taku kuɗi ne, ba a barin filin makaranta ko hanyar ruwa, kududdufin da yake shanye ruwan unguwa ma sai a cike shi da shara a sayar. Wannan yana daga cikin tushen ambaliyar watan Agusta, kuma manomin da ya sayar ya rabu da rumbunsa ke nan.

Ba doka aka rasa ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha amana a hannun gwamna, ta bai wa ƙaramar hukuma ikon ba da filin karkara har hekta 500 don noma da hekta 5,000 don kiwo, sannan Dokar Tsara Birane da Yankuna ta biyo baya a 1992. Abin da dokokin ba su amsa ba shi ne tambayar manomi: me zai sa ya ci gaba da shuka gero alhali kuɗin fulotai ya fi amfanin shekaru masu yawa?

Gundumar Montgomery ta jihar Maryland a Amurka ta fuskanci wannan tambaya a 1980, sa'ad da ta keɓe kimanin eka 93,000 don noma, ta taƙaita gini zuwa gida ɗaya a kowace eka 25. Don kada manomi ya yi asara, aka ba shi haƙƙin gini ɗaya a kan kowace eka biyar, wanda yake iya sayar wa magina su ƙara gidaje a unguwannin da aka yarda a cunkusa, shi kuwa gonarsa ta ci gaba da zama gona. Ba a iya kwafo tsarin yadda yake, ganin cewa gonakin Kano ƙanana ne, gado yana ƙara rarraba su, yawancinsu kuma ba su da takarda, amma ginshiƙinsa adalci ne: wanda yake cin ribar gini shi ya kamata ya biya kuɗin tsare gona.

Game da burtali kuwa, Jamhuriyar Nijar, a ƙarƙashin Dokar Karkara ta 1993, ta kafa kwamitocin filaye masu shata burtali su kafa masa alama. Ya kamata gwamnatocin jihohin Arewa da ƙananan hukumomi su zauna da dagatai, manoma da makiyaya, su rubuta kowane burtali, fadama da kududdufi a taswira, su kuma hana sa hannu a kan cinikin gonar da ba a fitar mata da sarari ba.