Sana'ar Da Ta Haɗa Ilmin Jijiyoyi Da Aikin Injiniya



Galibinmu neman abinci ya kawo mu Kudu, kuma mun saba da ciniki mai juyawa da sauri. Yau ina so in yi magana a kan wata sana'a wadda ribarta takan daɗe ba ta zo ba, watau kafa kamfanin ƙera na'urorin da ke aiki da jijiyoyin ɗan Adam. Misalina wata mace ce, Ingeborg Hochmair, mutuniyar ƙasar Ostiriya, wadda aka haifa a 1953.

Ilmin injiniyan lantarki ta karanta a birnin Biyana. Ita da Erwin Hochmair, wanda ya zama mijinta, suka duƙufa a kan matsalar kurumta. A can cikin kunne akwai wani sashe mai naɗi kamar katantanwa, cike da ruwa, da dubban 'yan ƙwayoyi masu gashi waɗanda ke mai da sauti ya zama saƙon lantarki zuwa ƙwaƙwalwa. Bakin katantanwar shi ke karɓar siririyar murya, can ƙuryarta kuwa kakkaura. Idan ƙwayoyin nan suka mutu ba su sake tsirowa, amma sau da yawa jijiyar ji tana nan da ranta. Sai suka ce, to, me zai hana a tsallake ƙwayoyin, a yi wa jijiyar magana kai tsaye?

Ga yadda irin wannan na'ura ke aiki a yau. Wani ɗan inji a bayan kunne yana ɗaukar sauti, ya rarraba shi, ya aika ta cikin fata zuwa wani sashe da likita ya dasa. Daga nan wata lallausar waya da aka zura cikin katantanwar take taɓa jijiyar da ɗan lantarki, kowane sauti a gurbinsa. Injiniyan da bai san jijiya ba, ba zai iya wannan ba. Haka kuma likitan da bai san lantarki ba.

Ran 16 ga Disamba, 1977, Farfesa Kurt Burian ya dasa na'urarsu ta farko a Biyana. Amma sai a 1990 kamfaninsu, MED-EL, ya ɗauki ma'aikatansa na farko a garin Insburuk. Ku lissafa, jama'a: shekara 13 ke nan ana gwaji ana gyara, ana neman kuɗin bincike da amincewar likitoci. A 2013 aka ba ta lambar girma ta Lasker tare da Graeme Clark da Blake Wilson. Na'urorin irin wannan da kamfanoni dabam-dabam suka ƙera, waɗanda aka dasa a duniya, sun haura miliyan ɗaya.

Kada wani ya ce wannan zancen Turawa ne. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, galibi a Arewa, ta kashe fiye da 11,000, kuma kurumta tana cikin abin da cutar ke bar wa waɗanda suka tsira. Bugu da ƙari, bayan sanƙarau katantanwar kan cike da ƙashi, har zura waya ya yi wuya. Saboda haka yaron da ya tashi daga wannan ciwo, a gaggauta kai shi a auna jinsa. Na'urar kuwa tana da tsada ƙwarai, daga waje ake sayo ta, kuma tana bukatar masu saita ta da masu koya wa yaro magana. Wa zai cike wannan gurbi in ba 'ya'yanmu ba?

Ga samari, ku riƙe lissafi da ilmin halittu tare, kada ku saki ɗaya. Ga iyaye da masu hali kuwa, mai sarin goro a Shagamu yana juya kuɗinsa cikin 'yan makonni, amma wanda ya dasa itacen sai da ya jira shekaru. Idan ɗanku ko 'yarku ta zaɓi dashe, kada ku tambaye ta ribar mako.

Allah ya ba mu haƙuri da basira. Wassalam.