Kwali, waya da tsofaffin gine-gine

 

Abin da ke hannuna kwali ne da aka naɗe, aka liƙa masa ƙananan gilasai biyu. Kamfanin Google ne ya fito da irinsa a 2014, ya kira shi Cardboard. Za ka zura wayarka a ciki, ka kafa shi a fuska kamar tabarau. Fuskar wayar ta rabu gida biyu, kowane ido da nasa hoton, ɗaya ya ɗan goce wa ɗaya kamar yadda idanunmu suke, sai ƙwaƙwalwa ta haɗa su ta ga zurfi. Akwai kuma wata 'yar na'ura a cikin wayar da ke jin juyawar kai: ka ɗaga kai ka ga rufi, ka waiga ka ga ƙofar da ke bayanka. Idan hoton ya yi nawa wajen bin kan, nan ne jiri ke kama mutum. Wayoyi masu araha da yawa ba su da wannan na'ura, don haka malamin da zai kai abin aji ya fara dubawa, kada ya ji kunya gaban yara.

Kafin wuri ya shiga waya, sai an je an auna shi, ko da hasken leza, ko da dubban hotuna masu hawa kan juna da kwamfuta ke ɗinkewa. Ben Kacyra, injiniya haifaffen Mosul, ya kafa ƙungiyar CyArk a 2003 bayan rusa manyan gumakan Bamiyan na Afganistan a 2001. Mutanensa sun auna wasu wuraren bauta na Bagan a Myanmar kafin girgizar ƙasa ta 2016 ta taɓa su. Da cocin Notre-Dame na Faris ya ƙone a Afrilun 2019, awon da marigayi Andrew Tallon ya yi shekaru kafin gobarar ya zama abin komawa. A nahiyarmu, Zamani Project na Jami'ar Cape Town ya auna Lalibela da Kilwa da masallacin Jenne.

A kan Jenne nake so mu ɗan zauna, domin ginin ƙasa ne irin namu. Masallacin da ke tsaye yanzu na 1907 ne, amma kowace shekara gari ke fitowa a yi masa yaɓe, maza na hawa kan itatuwan da suka leƙo daga bango, mata na kawo ruwa, yara na cuɗa laka. Damina ta zaftare, hannu ya mayar. Ke nan wanda ya sa kwalin nan a fuska, masallacin ranar da aka yi awo yake gani, na bana ya riga ya sauya kama. Cocin dutse yana iya shekara ɗari da fuska ɗaya, shi kuwa ginin ƙasa rayuwarsa a hannun magina take.

Timbuktu ta nuna mana haka. A 2012 'yan bindiga suka rushe hubbarorin waliyyan garin, har kotun duniya ta Heg ta ɗaure Ahmad al-Faqi al-Mahdi shekara tara a 2016 saboda wannan ɓarna. Waɗanda suka sake tayar da su, aka kammala a 2015, maginan garin ne da suka gaji sana'ar, suna duba tsofaffin hotuna suna tambayar dattawa. Hoto ya taimaka, ban musa ba. Amma da babu mai sanin kwaɓin ƙasar, da hoton ya zauna a aljihu.

Sai maganar ajiya, wadda ta fi damuna. Google ya buɗe manhajar Expeditions a 2015 don kai 'yan makaranta yawon buɗe ido daga cikin aji, ya rufe ta a 2021, ya kwashe wani ɓangare zuwa Arts & Culture. A shekarar ya daina sayar da kwalin ma. Kamfani ne, lissafinsa yake bi, ban ga laifinsa ba. Sai dai in da shi kaɗai ke riƙe da awon hasumiyar Gobarau ko masallacin Agadas, ranar da ya rufe shago wa za mu kama?

Badalar Kano tana ƙarewa a idonmu, gini na cinta, ruwa na cinta. Ɗalibin sashen tarihi ko na zanen gine-gine da ke da waya mai kyakkyawar kyamara zai iya ɗaukar abin da ya rage, ƙofa-ƙofa, a sake ɗauka bayan kowace damina, ainihin hotunan su zauna a jami'a da Gidan Makama. In ya je, ya nemi tsohon magini ya zauna da shi, ya kunna naɗar murya, ya tambaye shi yadda ake murza tubali, yadda ake jera azara, da abin da ake zubawa a makuba.

Kwalin zai zagaya, a riƙa miƙawa na baya.