Abin da Gulbin Maradi ke ɗaukowa

Hirarmu ta yau a kan gulbi take.

Gulbin Maradi daga Najeriya yake fitowa, can ƙasar Katsina. Yana shigowa Nijar ta wajen Madarunfa, ya bi ta Jiratawa, ya wuce gindin Maradi, ya kai Tibiri da Gidan Runji. Daga nan sai ya koma Najeriya, ya faɗa kogin Rima. Da damana yake gudu. Da rani kuwa, yara ma da ƙafa suke ƙetare shi.

To, gulbi ba ruwa kaɗai yake kawowa ba. Yana ɗauko ƙasa. Ku gwada da kanku. Ran da ya kawo, ku ɗebi ruwansa cikin farar kwalba, ku aje ta kwana. Da safe za ku ga yashi ya kwanta a ƙasa, laka mai laushi ta hau kansa.

Wannan laka ita ce abincin fadama. In ruwa ya malala a hankali, sai ya bar ta cikin gonaki, ta zama taki. Yashi kuwa ɓarna yake yi. Yana binne shuka, yana cika cikin gulbi. In cikin ya cika, ina ruwa zai bi? Sai ya ci gaɓa, ya shiga inda bai saba shiga ba. Dattawa sun ba mu labarin 1945, shekarar da ruwa ya cinye tsohon garin Maradi da ke cikin kwari, har aka mai da gari bisa tudu.

Daga ina yashin ke zuwa? Daga gonakinmu na tudu. A farin 1973 da na 1984 itatuwa sun mutu da yawa. Waɗanda suka tsira, gatari ya bi su, don mutane sun ƙaru, ana neman gona da itacen wuta. Yanzu ruwan sama ya fi na waɗancan shekaru, amma sau da yawa da ƙarfi yake zuba, lokaci guda, kamar yadda muka gani a Maradi a 2024. In irin wannan ruwa ya sauka kan ƙasar da ba ciyawa ba kara, ba ya tsayawa ya shiga ƙasa. Gudu yake yi. Ya kwashi ƙasar sama, ya haƙa kwazazzabo, ya kai yashi cikin kwari. Asara biyu ke nan: mai gonar tudu ya rasa ƙasarsa, mai fadama ya sami abin da bai roƙa ba.

Akwai kuma hannun mutum a can sama. A 1989 aka gama madatsar ruwa ta Jibiya a jahar Katsina. Madatsa tana tsare ruwa, tana tsare lakar da ke cikinsa. Wannan ya shafi mutanen Jiratawa sosai. Gonakinsu na noman rani da injin ake ba su ruwa daga rijiyoyi, kuma ruwan gulbi da ke nutsewa cikin ƙasa yana cikin abin da ke cika rijiyoyin nan. Gwamnatocin ƙasashen biyu sun sa hannu a kan yarjejeniyar raba ruwa a nan Maradi a 1990.

Maganar madatsa ta hukuma ce. Amma a ganina, malam manomi, ta yashi taka ce. Ka san sassaben zamani, wanda aka soma a jahar nan tun shekarun 1980. In kututture ya toho, kada ka sare shi duka. Ka bar rassa biyu ko uku masu ƙarfi su girma. Ka bar kara a gona bayan girbi, ko da kaɗan ne, duk da na san dabbobi ma suna jiransa. Ƙaramin kwazazzabo kuwa, a tare shi da duwatsu ko ƙirare tun bai kai gwiwa ba.

Ga aikin wannan mako. Kowa ya rubuta sunan kwazazzabon da ya fi kusa da gonarsa. Ya auna faɗinsa da taku, ya rubuta adadin da ranar. Bayan damana ku sake aunawa, ku kai wa malamin ajinku lissafin biyu.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.